LAFIYA UWAR JIKI: Turmi Ya Huta, Gwiwa Ta Fara Kuka

 A wannan wata maganarmu ta iyayenmu mata ce, wato waɗanda suka ba shekara 40 baya amma ba su kai 60 ba, waɗanda suka gama haihuwa ko suke dab da gamawa, suka fara aurar da 'ya'ya, har aka fara kiransu Hajiya ko Goggo ko Dada a unguwa. Su ne ginshiƙin kowane gida a nan Garwa. In biki ya tashi su ne a gaba, in rashin lafiya ta samu wani su ne masu jinya, amma lafiyarsu su kansu ba kasafai ake waiwayarta ba sai ranar da ɗaya ta faɗi.

Abin da ya ja hankalinmu ga wannan batu ba wani abu ne mai nisa ba. Duk wanda ya lura da sahun mata a filin Idi, ko a masallatan da ake tarawihi da azumi, zai ga yadda kujerun roba suke ta ƙaruwa. A da tsohuwa tukuf ce ake kai wa kujera. Yanzu kuwa sai ka ga mace 'yar shekara 48, wadda autanta bai gama firamare ba, ba ta iya sujada sai a zaune, in kuma ta durƙusa sai an kama ta kafin ta miƙe. In ka tambaya sai a ce maka sanyi ne, ko a ce ai girma ne ya zo. To amma sau da yawa sai ka tarar mahaifiyar wannan baiwar Allah tana can Gashiga ko Pitowa, ta haura 70, tana zuwa gona da ƙafarta.

Bari mu tuna yadda yinin mace yake a garin nan shekara 40 ko 50 da suka wuce. Kafin rana ta fito ta ja guga ya fi sau ashirin. Ta surfa dawa, ta sheƙe, ta wanke, ta daka ko ta durƙusa a kan dutsen niƙa har sai gari ya yi laushi. Wanki a bakin Binuwai ake yinsa, a ɗauko shi jiƙe a ka. Itace faskara shi ake yi. Kasuwa da gidan suna da gidan gaisuwa duk a ƙafa ake zuwa. Yau fa? Injin niƙa yana kowace kusurwa, ruwa yana zuwa ta famfo ko 'yan garuwa su kawo shi har ƙofar ɗaki, sannan ga 'yan kilando, waɗanda ko daga Yelwa zuwa babbar kasuwa ne sai an tsayar da ɗaya. Macen da ta kai shekarun da muke magana kuwa, ɗan aikin da ya rage ma 'yan mata da surukai sun karɓe mata, nata shi ne ta zauna a kan tabarma ta ba da umurni.

Kada a fahimce mu da cewa muna kewar wancan zamani. Wahala ce zalla, ta tsufar da mata da wuri, ta karya wa wasu baya, kuma wanda ya ƙirƙiro injin niƙa ya yi wa iyayenmu babban alheri. Abin da muke nunawa shi ne, aikin ya tafi amma malmalar tuwon ba ta ragu ba. Sai ma ƙari da aka samu: shayi mai sukari cokali uku da safe, burodi, makala, shinkafa da mai yana ninƙaya a kai, lemon kwalba a kowane biki, ga dunƙulen magi da gishiri a kowace miya. Abin da jiki ya ci bai ƙone ba, ajiye shi yake yi.

Ba hasashe muke yi ba. A shekarar 2003 an gudanar da wani babban bincike kan ciwon sukari a birane huɗu na Kamaru, wato Yawunde da Duwala da Bamenda da kuma nan Garwa, wanda masanan ƙasar nan suka yi, cikinsu har da Farfesa Jean Claude Mbanya, wanda a 2009 ya zama shugaban ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya. An auna mutum sama da 10,000, kimanin 6,000 daga cikinsu mata. Aka tarar kusan rabin matan sun wuce nauyin da ya dace da tsayinsu, kuma kashi 19.5 cikin ɗari suna da ƙibar da likitoci ke ɗauka a matsayin cuta, alhali a maza kashi 6.5 ne kawai. Gaskiya ne alƙaluman na biranen huɗu ne a haɗe, kuma matan arewa ba su kai na kudu jiki ba. Sai dai wannan awo ya haura shekara 20, kuma tun daga lokacin babura da injuna ƙaruwa suka yi a Garwa, ba raguwa ba.

Me ya sa abin ya fi tsanani a wannan shekaru? Domin kuwa a tsakanin shekara 45 zuwa 55 ne al'ada take ɗauke wa yawancin mata, kuma tare da ita wani sinadari da likitoci ke kira istirojin yake ja baya a jiki. Wannan sinadari yana daga cikin abubuwan da ke kare ƙashi da hanyoyin jini. Da ya ragu, sai ƙashi ya fara zagwanyewa da sauri, har mace takan iya rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙwarin ƙashinta a 'yan shekarun farko. Kitsen da a da yake taruwa a ƙugu da cinya sai ya koma ciki, ya kewaye hanji da hanta, kuma wannan kitse na ciki shi ne abokin tafiyar ciwon sukari da hawan jini. Ita kuma tsoka tun daga wajen shekara 30 take raguwa a hankali ga duk wanda ba ya sa ta aiki. Wato dai daidai lokacin da jikin mace ya fi bukatar motsi, a lokacin ne al'adarmu take ce mata ta zauna ta huta, ta girma.

Mun san abin da wata za ta ce. Za ta ce, ku masu rubutu ba ku san aikin gida ba, ni da nake yini a tsaye, in kwanta kamar an yi mini duka, wane motsa jiki kuma ake nema daga gare ni? Ranki ya daɗe, ba mu musa gajiyarki ba. Amma gajiya daban, motsa jiki daban. Tsayuwa a bakin murhu, da zama a kujera 'yar tsugunne ana tsinkar yakuwa, da yini a rumfar kasuwa ana jiran mai saye, duk suna gajiyar da baya da ƙafa, amma ba sa sa zuciya ta ƙara bugu na tsawon lokaci. Abin da ake nema shi ne motsin da zai sa numfashi ya ɗan hau, jiki ya ɗumama, zufa ta tsattsafo, a kuma ci gaba da shi ba tsayawa. Ma'auninsa mai sauƙi ne: in kina tafiya kina iya magana da abokiyar tafiyarki amma ba ki iya rera waƙa, to kin kai inda ake so.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum yana bukatar irin wannan motsi na minti 150 zuwa 300 a mako, sannan ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Minti 150 ɗin nan in an raba shi rabin awa ne sau biyar. Bai kai tsawon lokacin da ake ɓatawa wajen jiran a ɗaura lalle a gidan biki ba.

To me rabin awa za ta iya yi? A shekarar 1999 wata likita ta Jami'ar Harvard a Amurka, Dakta JoAnn Manson, da abokan aikinta suka bayyana sakamakon bibiyar da suka yi wa ma'aikatan jinya mata sama da 72,000, masu shekara 40 zuwa 65, na tsawon shekara 8. Waɗanda suke tafiya da sauri na awa uku ko fiye a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon zuciya ya yi ƙasa da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari in an gwada da masu zama. A lura fa, tafiya ce kawai, ba gudu ba, ba tsalle ba.

Wanda ya fi ba mu sha'awa shi ne na ciwon sukari, domin shi gwaji ne aka yi da gangan. An ɗauki mutum 3,234 a Amurka, kashi biyu cikin uku mata, waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ga cuta ba tukuna. Aka kasa su uku. Kashi ɗaya aka ba su ƙwayar metformin, wadda masu ciwon sukari a garin nan suka sani sarai. Kashi na biyu aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta. Kashi na uku aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da gyara cin abinci don su rage ɗan nauyi, kamar kilo 5 ko 6 ga mai kilo 80. Da aka fitar da sakamako a 2002, bayan kimanin shekara uku, sai aka ga ƙwayar ta rage kamuwa da cutar da kashi 31 cikin ɗari, tafiya da gyaran abinci kuwa sun rage da kashi 58. Dalilin ba boyayye ba ne. Yawancin sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci tsoka ce take shanye shi, kuma tsokar da ta yi aiki tana ci gaba da shan sukari da kyau har kwana ɗaya zuwa biyu bayan an gama. Shi ya sa likitoci ke cewa kada a bar fiye da kwana biyu a jere ba a motsa ba. Hawan jini ma haka, tafiya a kai a kai takan sauke shi da maki 5 zuwa 8 ga mai cutar, wanda ya yi kusa da aikin ƙwaya ɗaya, ga shi ba a biyan ko sisi a kantin magani.

Sai batun ƙarfin tsoka, wanda shi ne aka fi mantawa da shi, kuma a ganinmu shi ne ya fi shafar matan da muka gani a kan kujerun roba. Da an ce ɗaga nauyi sai hankali ya tafi ga samari masu ɗaga ƙarfe da siminti a lungu suna kumbura ƙirji. Ba wannan ake nufi ba. A 1994 Dakta Miriam Nelson ta Jami'ar Tufts da ke Boston ta sa wasu mata masu shekara 50 zuwa 70 aikin ɗaga nauyi kwana biyu a mako na tsawon shekara guda. A ƙarshen shekarar ƙashin ƙugu da na bayansu ya ƙara ƙwari da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari, na takwarorinsu da ba su yi ba kuwa ya ragu da kusan kashi biyu ko fiye. Ƙarfinsu ya ƙaru, tsayuwarsu ta daidaita. Ƙashi kamar bawa yake, in ba a ɗora masa kaya ba sai ya sangarce. Duk wanda ya taɓa jinyar tsohuwar da ta zame a makewayi ta karye a ƙugu ya san abin da muke gudu, domin da yawansu daga wannan kwanciya ba sa sake tashi.

Wannan aiki ba ya bukatar a sayi komai. Mace ta zauna a kujera ta miƙe ba tare da ta dafa ba, sau goma, ta huta, ta sake. Ta jingina tafukanta a bango ta matso da ƙirjinta ta tura baya. Ta riƙe bango ta ɗaga dugaduganta ta sauke. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ce, jarka mai lita biyar kilo biyar ce, ga nauyi nan a kowane gida. In abin ya fara yi mata sauƙi sai ta ƙara, domin tsoka ba ta ƙaruwa sai an ɗan matsa mata. Kai, ko turmin nan da aka jingine a bayan ɗaki, in Hajiya ta karɓi taɓarya daga hannun 'yan mata ta daka yaji ko gyaɗa na minti goma sau biyu a mako, ba mutuncinta ne ya zube ba, kafaɗunta ne za su gode mata.

Masu ciwon gwiwa sukan ji tsoro, su ce tafiya za ta ƙara cinye gwiwar. A da ma wasu ma'aikatan lafiya hutu suke ba da shawara. Yanzu an tabbatar cewa ga irin ciwon gwiwar da ke zuwa da shekaru da nauyi, motsa jiki yana daga cikin magungunan farko, domin tsokar cinya ita ce take tallafe gwiwa, in ta yi rauni duk nauyin sai ya sauka a kan gaɓar. An kuma lissafa cewa duk kilo ɗaya da mutum ya rage, gwiwa tana samun sauƙin kimanin kilo huɗu a kowane taku. Sai dai a fara a hankali, minti goma ya isa a makon farko, kuma in gwiwa ta kumbura ta yi zafi a tsaya a ga likita.

Yanzu bari mu taɓo inda gizo ke saƙa. A wurinmu jikin mace shaidar maigida ce. In ta cika ta yi ɓulɓul sai a ce Alhaji yana riƙo da kyau, in ta faɗa sai dangi su fara tambaya ko lafiya, ko kishiya ce, kuma waɗanda suka ga shekarun 1990 sun tuna lokacin da rama kaɗai takan sa a fara yi wa mutum raɗar ƙanjamau. Har akwai masu sayen ƙwayoyin sha-ka-fashe a hannun 'yan tebur don su yi jiki, alhali wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi su ne da kansu suke jawo hawan jini da sukari da zagwanyewar ƙashi. Saboda haka muna so a ji mu da kyau: ba muna kiran matanmu su zama sillan kara ba ne. Hasali ma motsa jiki shi kaɗai ba ya rage nauyi da yawa, kuma wadda ta sa ido a kan sikeli za ta karaya cikin wata guda ta bari. Amfanin yana shiga ko da sikeli bai motsa ba. In ana son ma'auni, a ari tef a wurin tela a auna ciki daidai saitin cibiya. Mace in ta wuce santimita 88 ta shiga sahun masu babban haɗari, kuma nan ne ake fara ganin canji, ranar da ta ji zane ya fara yi mata saura.

Akwai kuma wata matsala da kunya take hana a faɗa. Mata da yawa da suka yi haihuwa shida, takwas, goma, in sun yi tari ko dariya ko sun ɗaga kaya sai fitsari ya ɗan zubo, wanda yake dagula masu alwala ya kuma sa su ƙi tafiya mai nisa. Wannan ma tsoka ce ta saki, kuma tana da nata atisayen, na matsewa da sakewa, wanda in an dage da shi wata uku yakan kawo sauƙi ƙwarai. Ungozomomin asibiti sun san shi, a tambaye su. Zafin jiki da zufar dare da ke zuwa da ɗaukewar al'ada kuwa, ba za mu yi alkawarin motsa jiki zai kore su ba, amma yana gyara barci yana kuma rage ƙuncin rai.

To a ina za a yi? Nan ne muke da magana da maza da kuma hukuma. Garwa gari ne na wasanni, ba mai musu. Coton Sport ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008. Filin Rumde Ajiya ya karɓi gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022, inda Nijeriya ta doke Masar da ci ɗaya muna kallo, kuma saboda wannan gasa an gyara filayen atisaye a cikin gari. Duk Asabar da Lahadi da safe za ka ga magidanta masu furfura da tumbi sun sa gajeren wando suna buga ƙwallon da ake kira deux-zéro, ba mai yi masu dariya. Matan fa? Nasu shi ne tattakin da ake shiryawa gabanin bikin 8 ga Maris, a yi ɗinki, a ɗauki hoto, a watse sai baɗi. Tafiyar yini ɗaya a shekara ba ta saukar da jinin kowa.

Muna ganin ba abu ne mai wuya ba magajin gari da ofishin wasanni su keɓe wa mata awa ɗaya bayan asuba, kwana biyu ko uku a mako, a wani fili mai katanga, da mace mai koyarwa. Ga makarantar CENAJES a garin nan tana horar da malaman wasanni, ga Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 da ɗaliban likitanci da za su iya zuwa su riƙa auna jini kafin a fara. Amma kafin hukuma ta motsa, matan da kansu suna da abin da ya fi fili, wato ƙungiya. Macen da ba ta taɓa fashin zubin adashi ba, ba za ta yi fashin tafiya ba in 'yan adashin ne suke ƙwanƙwasa mata ƙofa. Haka 'yan ajin Islamiyya, in makarantar ba ta da nisa, su bar kilando su taka tare. Mace ɗaya tana sauri a titi abin kallo ce, mata shida da mayafansu kuwa ba mai tanka masu.

Ga masu ganin abin bai dace da mace mai kamun kai ba, malamai sun san ruwayar da ta zo cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi tseren gudu da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, har sau biyu, ta yi nasara a na farko, ya yi a na biyu bayan ta yi jiki. Ba kuma wanda ya ce sai an sa wando an fita titi. Zane da hijabi ba sa hana tafiya, takalmi mai taushi kawai ake bukata. Wadda take cikin kulle, tsakar gida ta ishe ta: in zagayen ya kai mita 25, zagaye ɗari ya ba ta kilomita biyu da rabi, tana yi tana lazimi. Alhaji, kai da kake tara kuɗin kujerar Makka don uwargida, ka tuna sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kusa kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar jifa. Wadda ba ta iya zuwa bakin titi da ƙafarta, a keken guragu za ta yi aikin da ta daɗe tana buri, kuma kai ne za ka biya mai turawa.

Shekaru da haihuwa ma ba hujja ba ne. Sarah Etonge ta Buea, uwar 'ya'ya bakwai, ta ci tseren hawan Dutsen Kamaru, mai tsayin sama da mita 4,000, har sau bakwai tsakanin 1996 da 2005. Ba muna cewa Hajiya ta hau Dutsen Tingilin ba, zagayen unguwa muke roƙo.

Sai dai Garwa ba Boston ba ce, dole a yi la'akari da rana. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura maki 40, don haka lokacin tafiya shi ne bayan sallar asuba ko dab da magariba, a sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Da hunturu mai ciwon asma ta rufe hanci saboda ƙura, ko ta yi nata a cikin ɗaki. Da azumi a bari sai an sha ruwa an ɗan huta. Wadda ta san tana da hawan jini ko sukari ko ciwon zuciya ta fara zuwa awo, in jinin ya kai 180 bisa 110 a fara saukar da shi da magani tukuna. Mai shan maganin sukari ko mai allurar insulin ta riƙe dabino ko ƙwayar sukari a ƙullin zane saboda kada sukarin ya faɗi a hanya, kada kuma ta yi tafiya ba takalmi, ta riƙa duba tafin ƙafarta kullum. In aka ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, a tsaya nan take a nufi asibiti. Kada kuma wata ta ajiye ƙwayoyinta don ta fara tafiya, likita ne zai rage mata in ya ga awo ya sauka.

Duk wannan magana da muka yi ta matan gari ce. 'Yar'uwarmu ta ƙauye, wadda take tsinkar auduga a Ngong ko take ɗauko itace da ruwa daga nesa a ƙasar Gidar, ba ƙarin motsi take bukata ba, ta yi har ya yi yawa. Ita abin da ya kamace ta shi ne abinci mai gina jiki, da rijiya kusa da gida, da awon jini ko sau ɗaya a shekara, domin hawan jini bai bar ƙauye ba. Amma ranar da ɗanta ya samu aiki ya ɗauko ta ya kawo ta Lopere ko Pumpumre don ta huta, ya ajiye ta gaban talabijin da filas ɗin shayi, to daga ranar ta shiga cikin waɗanda wannan rubutu ya shafa, kuma a irin su ne sukari yakan bayyana cikin 'yan shekaru ana mamaki.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba batun gishiri da kanwa da dunƙulen miya a tukunyarmu. Masu tambaya su aiko ta ofishin wannan mujalla kamar yadda aka saba. Wassalam.